Shekarun da Na Yi Ina Rabon Shinkafa a Zongo

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zongo, Lome.

Zuwa ga 'yata Salamatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Mango lafiya, gajiyar mota ta sake ki. Babanki yana sa miki albarka, 'yan'uwanki duk suna gaishe ki. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki.

Na sa takardar a ƙasan akwatinki cikin zanen salla, ban ba ki a hannu ba, don na san da mun zauna baki da baki kunya za ta hana ni faɗin rabin abin da ke ciki. Kuma ba magana ce ta gidan waya ba, kin san ƙasarmu. In kin karanta, ki ajiye ta inda ke kaɗai kika sani.

Ranar da takardar aikinki ta fito, aka ce ofishin taimakon jama'a aka tura ki, mata suka cika gidan nan suna guɗa. Kowa na cewa 'yar Hajiya ta gaji uwarta, za ta je arewa ta raba wa talakawa abinci. Na yi dariya tare da su, amma maganar ta tsaya min a rai. Ba na so ki gaje ni a wannan. Shekara goma sha ɗaya na yi ina shugabar matan jam'iyya a unguwar nan, buhunan da suka bi ta hannuna ban san iyakarsu ba, kuma ina gaya miki ba tare da shakka ba, ban san gida ɗaya da shinkafar nan ta fitar daga talauci ba. Na dai san gidan da na ƙara tura shi ciki da hannuna. Labarinsa zan ba ki.

Kina aji biyu aka naɗa ni. Ba don ilimi ba ne. Ina jin yaren Mina kamar haifaffiyar unguwar Amutive, na tsinci Faransanci a kasuwa, kuma in na ɗaga murya har ƙarshen layi ana ji. Depite, wato ɗan majalisa na yankinmu, ya zo da kansa shagona na atamfa ya ce matan Zongo suna bukatar uwa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Aka ɗinka min zane mai hoton Shugaba, aka ba ni kujerar gaba a duk taron da aka yi. Babanki ya dawo daga mahauta ya ga kayan a kan gado, sai ya tambaye ni wa zai zauna a shago ranar taro. Na ce masa wannan aikin Allah ne, taimakon marasa ƙarfi. A lokacin da gaske na yarda da haka.

Aikina shi ne rubuta sunaye. In Salla ta matso, ko wani bikin ƙasa, sai a aiko a ce a kawo sunayen mabukata. Mota ta zo da shinkafa da mai da sabulu, wani lokaci da zane. A kafa rumfa a filin makaranta, mata su yi layi, mai hoto ya gyara tsayuwa, Depite ya miƙa buhun farko, mu kuma mu tafa. Sai dai akwai sharaɗin da ba a rubuta ba, amma kowa ya san shi: wadda ba ta zuwa animasiyo, wato rawa da waƙar yabon jam'iyya da muke koya sau biyu a mako, sunanta ba ya shiga. Ni kuwa ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba, wace mace ce ke da sararin rawa ranar Talata da hantsi? Wadda akwai mai ciyar da ita ce. Wadda ba ta da kowa, a wannan lokacin tana gaban murhu ko tana yawo da tire a ka. Haka takardata ta cika da matan da ke da ɗan abin hannunsu, ina kuma kwana da tunanin na ciyar da talakawa.

Saboda haka, in kin shiga ƙauye, waɗanda za su fara tarbarki su kawo miki kujera ba su ne mafi bukata ba. Ki gaishe su da mutunci, ki sha ruwansu, sannan ki tambaya wa da wa ba su zo ba, kuma me ya hana su. Ki tashi ki je can da ƙafarki.

Kin san Inna Azumi, uwar ƙawarki Ladi. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu a hanyar arewa ya bar ta da yara uku. Koko da ƙosai take yi a bakin tasha, daidai inda fasinja ke sauka, kuma da wannan kaskon take ciyar da su, take kai su makaranta. Ba ta taɓa zuwa rawa ba, don haka ba ta taɓa shiga takardata ba, ba ta kuma taɓa yi min ƙorafi ba.

Wata shekara aka ce babban baƙo zai zo ƙasar, kowace unguwa ta kawo mata su jeru a hanyar filin jirgi. Adadin da aka yanka wa Zongo ya fi matan da nake da su. Na bi gida gida, har na isa wurin Azumi a tasha, na same ta tana kwashe ƙosai daga mai. Na ce mata kwana uku za a yi ana koyon waƙa, rana ta huɗu a fita, kuma za a ba da zane da shinkafa. Ta roƙe ni in bar ta. Ta ce wurin nan ido da yawa ke kansa, in ta ɗaga kwana huɗu ba lalle ta dawo ta same shi ba. Da na ga za ta ƙi, sai na faɗi maganar da har yau in na tuna nake jin nauyinta. Na ce, "To, kada dai mutane su ce ba kya son Shugaba."

Ke kin san abin da wannan magana take nufi a ƙasar nan. Azumi ta dube ni, ta ja itacen daga ƙarƙashin kaskon, ta yayyafa masa ruwa.

Muka tsaya a rana tun safe har la'asar. Motocin suka wuce da gilasai a rufe, ba mu ga fuskar baƙon ba. Azumi ta koma gida da zane da rabin buhu. Washegari ta je tasha ta tarar da wata mata ta kafa murhu a wurinta, ta riga ta sallami mai yankar tikitin wurin sana'a, magana ta ƙare. Azumi ta koma wani lungu a bayan tasha inda fasinja ba ya bi. Shinkafar ba ta kai ƙarshen wata ba. Wurin da ta rasa kuwa shekaru ya yi yana ciyar da mutum huɗu. Da labari ya zo min, na ce Allah Ya sauwaƙe, na sa sunanta a saman takarda, na ɗauka na biya ta.

Salamatu, kafin ki miƙa wa mutum komai, ki san me zai rasa wajen zuwa karɓa. Mai albashi in ya yi wuni a taro, albashinsa na nan. Talaka wuninsa shi ne jarinsa. In kin tara mutane tun safe suna jiran babban mutum ya zo ya yi jawabi, ki sani kin karɓi wani abu daga hannunsu kafin ki ba su. Kuma kada ki taɓa jingina bukatarki da sunan masu mulki don ki tsorata wanda ba shi da ƙarfi. Na yi sau ɗaya, ya yi aiki nan take, shi ya sa ya fi komai muni.

Bayan shekara biyu aka fara shela a rediyo cewa yanzu ba abinci za a riƙa bayarwa ba, sana'a za a ba mata su tsaya da ƙafarsu. Na yi murna, na ce ga maganin ya zo. Aka kawo kekunan ɗinki don gwauraye. Ba wanda ya tambaye su ko sun iya ɗinki, ni ma ban tambaya ba. Kin san Zongo, kowace kwana akwai tela da ya yi shekara ashirin yana ɗinki, wa zai ɗauki atamfarsa ta Salla ya kai wa mai koyo? Na sa Azumi a gaba, aka ɗauke ta hoto da keken, na ji na wanke laifina.

Keken ya yi wata uku a ɗakinta a lulluɓe. Daga nan ta sayar wa wani tela a Amutive, ta sayi babban kasko da buhun wake, sauran ta ajiye tana neman wuri a bakin hanya. Ana haka sai matar Depite ta zo zagaye da mutumin rediyo, don a ji yadda gwauraye suka zama teloli. Muka shiga ɗakin Azumi, babu keke. Madam ta juyo ta dube ni, ni kuma kunya ta rufe ni, sai na sauke ta a kan wadda ba ta iya ramawa. A tsakar gida, gaban matan haya duka, na kira ta butulu, na ce irinsu ne ke sa manya su daina taimako, na ce na cire sunanta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Hajiya, ni wake na iya."

Wurin bakin hanya bai samu ba, don ba mai son ya ba da wuri ga wadda shugabar mata ta zaga a bainar jama'a. Tunda masu saye ba sa zuwa lungu, dole a kai musu. A shekarar Azumi ta cire Ladi daga makaranta, da safe ta ɗebo ruwa, da hantsi ta ɗauki tire. Za ki tuna ranar da kika dawo kina kuka kika ce ba kowa a kujerar Ladi, na ce ki yi shiru ki ci abinci. Ladi ta fi ki lissafi, ke ma kin sani. Yau ke ce da takardar aiki, ita tana sayar da gwanjo a kasuwar Hedzranawoe.

In kin ga talaka ya sayar da abin da aka ba shi, kada ki yi saurin kiransa mara godiya. Ki tambaye shi me ya saya da kuɗin. Amsar da zai ba ki ita ce abin da ya kamata a ba shi tun farko. Azumi ta fi ni da Madam da Depite sanin abin da zai tashe ta, mu ne ba mu da kunnen ji.

Abin da ya buɗe min ido ba wa'azi ba ne. A shekarata ta tara ina neman wata takarda a cikin kwalla sai na ci karo da jerin sunayen da na fara rubutawa. Na ajiye shi kusa da na bana. Sunayen nan dai su ne, sai waɗanda suka rasu, sai kuma 'ya'yansu mata da suka yi aure suka shigo layi a bayan iyayensu. Na nuna wa babanki. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce in da magani ne, ya kamata a ce zuwa yanzu wani ya warke.

Daga ranar na fara abin da ya kamata in yi tun shekarar farko. Na bi gidaje ba takarda a hannuna, na zauna a kan tabarma, na tambayi mata me ke cinye musu abin da suka samu. Da farko godiya kawai suke yi wa Shugaba, don sun ɗauka gwada su nake. Sai da na koma sau biyu sau uku suka saki jiki. Kusan duka abu ɗaya suka ce: ruwa. Rijiyoyinmu gishiri ne, ba sa shayuwa. Sai an yi tafiya a saya a gidajen masu famfo, mai koko da mai tuwo da mai wanki duk ribarsu a nan take ƙarewa. Wadda ba ta da na saye ta sha na rijiya, damina ta zo yara su kama gudawa, ɗan jarin ya tafi wurin magani. Shekara tara ina zaune a cikinsu ban sani ba, don ni a gidana akwai famfo.

A lokacin an fara barin mutum biyu ko uku su nemi kujera ɗaya a cikin jam'iyya, kuma wani ya fito yana neman ta Depite. Da ya aiko a kawo sunaye, na tafi ofishinsa hannu sake. Na ce matan Zongo sun gode da shinkafa, amma bana famfo suke so. Ya yi dariya, ya ce famfo aikin takardu ne da haƙa, sai a yi wata da watanni ba a ga komai ba, shinkafa kuwa ranar da aka kawo ake ganinta. Na ce haka ne, ranka ya daɗe, sai dai wancan ɗan takarar ma ya zagayo unguwa, kuma mata sun ce wanda ya kawo ruwa shi za su bi. Fuskarsa ta canja. Ya tambaye ni ko na san da wa nake magana. Na ce na sani, shi ya sa na kawo kukan wurin mai iya share shi.

Na fito na koma gida. Mako guda duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi. Ba abin da ya faru, sai ma'aikata da muka gani da diga da shebur. Kafin ranar zaɓe ruwa ya zo, famfo mai baki uku kusa da ƙaramin masallaci, da allo mai sunan Depite a jiki. Ya ci kujerarsa. Bayan 'yan watanni aka aiko min cewa na yi ƙoƙari, lokaci ya yi da zan huta, aka naɗa wata. Kin ga lokacin da na daina sa zanen, kin tambaye ni, na ce miki ƙafa ce ke ciwo. Yau kin ji gaskiya, kuma ban taɓa nadama ba.

Ba zan ce miki famfon ya mai da kowa mai kuɗi ba. Amma na gani da idona: gudawar damina ta ragu a layinmu, mata sun daina tura 'ya'yansu ɗibar ruwa lokacin makaranta, Azumi ta koma suya sau biyu a rana, ƙannen Ladi biyu duk sun gama firamare, ɗayan yana koyon gyaran mota. Mutumin nan ba don tausayi ya yi ba, don kujerarsa ya yi. Ruwan bai fasa zuba ba saboda haka.

To ga abin da na tsaya a kai, kuma ba wanda zai ɗaga ni daga nan. Masu mulki suna iya rage talauci, na ga an yi. Amma ba da abin da ake miƙawa a gaban mai hoto ba. Da abin da ke nan bayan motarsu ta tafi ne, abin da ba ya bukatar jerin sunaye. Famfon nan bai san wadda ta yi rawa da wadda ba ta yi ba, kowa ya kai bokitinsa ya cika. Haka rijiya take, haka asibiti mai magani a ciki, haka makaranta mai malami, haka hanyar da za ta kai doya kasuwa, haka hana mai tikiti korar mace daga wurin sana'arta. Rabon buhu kuwa mai rabon ya fi amfana da shi, don yana bukatar layin ya dawo baɗi.

Kada ki ɗauka ina raina sadaka. Wanda ke jin yunwa yau, yau za a ba shi, ba a ce masa ya jira rijiya. Can inda za ki, in damina ta ƙi, za ki ga yunwar da ba ki taɓa gani a Lome ba. Ranar da buhu ya zo, ki raba shi da sauri, da adalci, ba tare da an sa kowa waƙa ba. Lada ne, kuma wajibi ne. Abin da na hana ki shi ne ki koma ofis ki rubuta cewa an rage talauci a garin. Ki rubuta an ciyar da mutane, shi ne gaskiya.

Kuma ki yi hankali da bakinki. Ban aike ki ki yi jarumtaka ba, ina son ki dawo min. In an ce a sa zane, ki sa. In an ce a tafa, ki tafa, ba a nan aikin yake ba. In kina son rijiya a wani ƙauye, ki kai maganar yadda babban zai ga kamar shi ya fara tunaninta, ki bar masa allon da sunan da jawabin. Ke dai ki tabbata an haƙa ta inda matan suka nuna, ba bayan gidan mai gari ba. Kada ki ɗauki ko mudu ɗaya ki kai gidanki, ko da kowa na ɗauka, don ranar da kika ɗauka bakinki ya mutu.

Makon da ya wuce na je wurin Azumi. Shekarun nan muna gaisawa a biki da makoki, amma ban taɓa buɗe baki na nemi gafararta ba. Na same ta tana wanke wake, na zauna, na faɗi duk abin da na rubuta miki a nan. Ta bar ni har na gama. Ta ce shinkafar ba ta yi mata laifi ba, sun ci sun gode Allah. Abin da ya yi mata ciwo shi ne duk shekarun da na yi ina rubuta sunanta ina gogewa, ban taɓa tambayarta me take so ba. Ta ce ta yafe min duniya da lahira, ta kuma sa miki albarka. Har na miƙe zan tafi sai ta ce, "Nawa na yafe, Hajiya. Na Ladi kuwa ba a hannuna yake ba, sai ki je ki same ta."

Ban je ba tukuna. Sau biyu ina ɗaukar mayafi ina ajiyewa. Amma na yi wa kaina alkawari, ranar da motarki ta tashi, daga tasha Hedzranawoe zan wuce. Ban san abin da za ta ce min ba, kuma duk abin da ta ce tana da gaskiya. Ki yi aikinki yadda ba za ki kai shekaruna kina da irin wannan tafiya a gabanki ba.

Allah Ya tsare min ke daga sharrin mutum da na hanya, Ya tsare mutane daga sharrin hannunki. Ya ba ki lafiya da haƙuri da kunnen sauraro, Ya sa albarka a abincinki da albashinki. Ki riƙe salla a kan lokaci. Allah Ya dawo mana da ke lafiya, Ya sa mu gana da alheri. Amin.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hajiya Hajara